Yadda ake shirya monitocin kwamfutar mota kafin gwajin hayaƙi

Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, na dizal kuma daga 2004, suna ɗauke da kwamfutar da ke sa ido a kan hayaƙin injin. Sunan tsarin OBD-II, na Turai kuma EOBD. Corolla da Camry da Accord da Vibe da Sienna da ke zirga-zirga daga Bichi har Haɗeja kusan duk a cikinsa suke. Wannan kwamfuta, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, tana da jarrabawa da take yi wa sassan motar ɗaya bayan ɗaya yayin da ake tafiya. Kowace jarrabawa ita ake kira monita. Idan ta samu damar yin jarrabawar har ƙarshe, sai ta rubuta cewa monitan ya shirya. Idan ba ta samu dama ba, sai ya zauna a buɗe.

Gwajin hayaƙi iri biyu ne. Akwai wanda ake zura bututu a bakin salansa a auna abin da ke fita, akwai kuma wanda ake jona na'ura da kwamfutar motar a tambaye ta. A Najeriya hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA tana da ƙa'idar hayaƙin motoci tun 2011, kuma cibiyoyin duba mota da kwamfuta irin na Legas da Abuja suna auna hayaƙi. Inda ake tambayar kwamfuta, mota tana iya komawa gida ba takarda alhali fitilar cek injin a kashe take, don kawai monitocinta ba su shirya ba. A Amurka, inda tsarin ya samo asali, ƙa'idar hukumar kare muhalli ta EPA ita ce a yafe wa motar 1996 zuwa 2000 monita biyu, ta 2001 zuwa sama kuma ɗaya kacal. Ko da gwajin bututu ne a gabanka, monitoci da suka shirya ba tare da fitila ta kama ba su ne shaida mafi ƙarfi cewa motar za ta wuce, kuma su ne ke nuna ko gyaran da aka biya kuɗinsa ya yi.

Abin da ke goge su

Abu biyu ne ke mayar da monitoci baya: goge lambobin matsalar da kwamfuta ta rubuta da sikana (na'urar da ake jonawa a karanta kwamfutar mota), da yanke wa kwamfuta wuta. Na biyun ya fi yawa a ƙauye. A cire kan batir don fitilar cek injin ta mutu, a ari batir a tada motar maƙwabci, a cire shi da dare saboda ɓarayi, ko kan batir ya yi sako-sako ya riƙa tsalle a hanyar burji. Kowanne daga ciki yana iya shafe aikin mako guda a cikin daƙiƙa kaɗan. Cire kan batir ba ya gyara komai. Fitilar takan ɓuya ne kwana biyu ko uku, saboda yawancin matsaloli sai kwamfuta ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Motocin Amurka na 2010 zuwa sama ma suna da lambobi na dindindin waɗanda sikana ba ta goge su, cire batir ma ba ya goge su, sai kwamfutar da kanta ta sake jarrabawar ta ga an wuce.

Karanta halin da motar take ciki

Soket ɗin sikana mai ramuka 16 ne, yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, galibi kusa da gwiwa. Ƙaramar sikana ta hannu ta isa, ko 'yar na'urar nan ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, da manhaja irin Torque ko Car Scanner. A murɗa makulli fitilun dashbod su kama, ba tare da an tada injin ba. Idan sikana ba ta kawo wuta ba, a fara da fiyus. Rami na 16 ne ke ɗauko wutar batir, a Toyota akwai fiyus ɗinsa daban mai rubutun OBD, a wasu motocin kuma da na soket ɗin cajin waya yake haɗe.

A shiga wurin da aka rubuta I/M Readiness. Uku na farko, wato na tsallaken wuta a silinda, na tsarin mai, da na sauran sansoshi, kullum a bakin aiki suke, kuma da wuya su tsayar da kai. Waɗanda ke ba da aiki su ne CAT na indomi, wato tukunyar tace hayaƙi, O2S na sansar iskar salansa, HTR na hitar da ke cikin sansar, EVAP na tururin tankin mai, EGR na bawul ɗin da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, da AIR a motocin da ke da famfon hura iska a salansa. Gaban kowanne za ka ga OK idan ya shirya, INC idan bai shirya ba, ko N/A idan motar ba ta da shi tun daga kamfani. N/A ba laifi ba ne. Yawancin motocin Beljiyam na Turai ba sa gwada yoyon tanki, don haka kar a ɓata mai ana neman EVAP a jikinsu.

Sannan a duba lambobin matsala iri biyu: waɗanda suka tabbata, da waɗanda ke jiran tabbaci, wato Pending. Na jiran nan ba sa kunna fitila, amma sukan hana wani monita gudana. A rubuta su duka a takarda kafin a taɓa komai. A duba kuma layin da ke nuna kilomita nawa motar ta yi tun da aka goge lambobi. Mai sayen mota a hannun dillali ya riƙe wannan: motar da ke nuna kilomita 12 tun gogewa, monitoci kuma duk INC, jiya ko yau aka kashe mata fitila.

Wanda ba shi da sikana, wasu motocin suna faɗa da kansu. A Honda, idan aka murɗa makulli ba a tada ba, fitilar cek injin takan tsaya kamar daƙiƙa 20; in ta mutu shiru an shirya, in ta ƙifta sau biyar da saura. Ford sau takwas take ƙiftawa. Fitilar da ba ta kama ko kaɗan a wannan lokaci, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta, kuma wannan kaɗai faɗuwa ce a gwaji.

Gyara tukuna, tuƙi daga baya

Nan ne aikin yake. Ko za a je Maiduguri a dawo, monita ba zai shirya ba idan sharuɗɗansa ba su cika ba, kuma abubuwan da ke hana su cika a wajenmu sanannu ne.

Na gaba-gaba shi ne tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin. An saba da zarar mota ta sauka daga Kwatano a cire shi, a haɗa fankar lagireto kai tsaye, wai don zafin Arewa. Illarsa ita ce injin ba ya kai zafin aikinsa, ko ya kai a cikin gari ya sauko da zarar an hau titi iska ta buga. Kwamfuta tana son ruwan injin ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Tamostat ɗin yawancin Toyota a wajen 82 yake buɗewa. Idan zafin ya yi ƙasa da haka sosai, monitan indomi da na sansa ba za su fara ba, motar kuma tana ta shan mai fiye da ƙima don kwamfuta na ganin injin bai gama ɗumi ba. Lambarsa P0128, wani lokaci P0125. A mayar da tamostat mai lambar zafi daidai da ta kamfani, a mayar da fanka kan rilenta. Idan motar ta fara zafi bayan haka, laifin na lagireto ne da ya toshe da ruwan rijiya, ko murfinsa, ko famfon ruwa, kuma su za a bi.

Sai indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, shi ya sa ake fasa ta a kwashe a sayar, wani lokaci mai motar ma bai sani ba. Kwamfuta tana gane lafiyarta ne ta hanyar kwatanta sansar da ke gabanta da wadda ke bayanta. A sikana, sansar gaba irin ta da takan yi sama da ƙasa da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ta baya kuma ta tsaya kusan wuri ɗaya, wajen 0.6 zuwa 0.7. Idan ta baya tana rawa irin ta gaba, indomin ya mutu ko babu shi, kuma P0420 na nan tafe. Babu ruwan kwalba da ake zubawa a tanki da zai dawo da abin da aka kwashe. 'Yar dabarar sa wa sansar baya ƙarfe don a nisanta ta da hayaƙi yaudarar kwamfuta ce, bututun gwaji zai tona ta, kuma hayaƙin yaran gidan ne ke shaƙarsa duk safiya. A sayi indomi, amma kafin a ɗaura a gano abin da ya kashe na farko. Yawanci fulogi ko kwayil da ke tsallake wuta ne, ɗanyen mai ya riƙa ƙonewa a cikin tukunyar har ta narke. Fitilar cek injin mai ƙiftawa ana cikin tafiya wannan take nufi, kuma ba a ci gaba da tafiya a haka.

Sansar gaba a Toyota da Honda da yawa na bayan 2000 ba irin ta da ba ce, mai auna gaurayen iska da mai ce. Kamanninsu ɗaya da ta baya, zaren ma yakan shiga, amma aikinsu daban. In za a saya a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano a tafi da tsohuwar, a dace da lambar da ke jikinta. P0135 da P0141 na hitar sansa ne, kuma sau da yawa fiyus ne ko waya da ɓera ya ci, musamman motar da ke kwana kusa da rumbu.

Murfin tanki ƙaramin abu ne, amma shi ne rabin matsalar EVAP. Robarsa ta tsage, ko an maye shi da leda da tsumma, sai P0455 ko P0442. Cika tanki har wuya bayan famfo ya yi ƙas yana tura mai cikin gwangwanin gawayin da aka yi domin tururi kawai, ya lalata shi. Allurar mai da ta mutu ita ma tana tsayar da wannan monita, domin kwamfuta ba ta san yawan man da ke tanki ba.

Ƙurar hunturu da ta hanyar gona tana toshe matatar iska, tana kuma lulluɓe sansar auna iska da ke bayanta. A canja matata, a fesa wa sansar maganin wankinta na musamman, ba fetur ba, kuma ba a taɓa siririyar wayarta da hannu. A duba layin da ke nuna yadda kwamfuta ke ƙara mai ko ragewa, STFT da LTFT. Idan jimillarsu ta wuce kashi 10 ta ɓangaren ƙara mai, akwai iskar da ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko famfon mai ya yi rauni, ko nozul ya toshe da dattin man jarka. Wannan shi ke kawo P0171. Batir ya nuna bolt 12.4 zuwa 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin na aiki, a kuma ɗaure kawunansa tamau.

Bayan an gama gyara a goge lambobi sau ɗaya, shi ke nan. Duk gogewa ta biyu tana mayar da kai farkon layi.

Zaɓen lokaci da hanya da yawan mai

Man tanki ya kasance tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu. Yawancin motoci ba sa gwada EVAP idan mai ya gaza kashi 15 cikin ɗari ko ya haura 85. Direban da ya saba sayen lita biyar-biyar zai iya shekara wannan monita bai shirya ba. A sayi man tun yamma a gidan mai da aka yarda da shi.

Motar ta kwana, aƙalla awa takwas ba a taɓa makulli ba. A tsarin GM, kamfanin ƙera motoci na Amurka, wanda aka fi ɗauka a matsayin na gama-gari, ana son ruwan injin ya kasance ƙasa da digiri 50 a lokacin tadawa, kuma tazararsa da zafin iskar waje kar ta wuce digiri 6. Zafin gari ma sharaɗi ne. Honda ta ce tsakanin digiri 4 da 35. A Maris da Afrilu da Mayu, rana a Kano da Jigawa takan haura 40, don haka wanda ya fita da azahar ya yi asarar mai. Lokacin aikin shi ne bayan sallar asuba, da gari ya fara wayewa. A hunturu da damina ya fi sauƙi.

Toyota da yawa na wajen 2006 zuwa sama suna gwada tankinsu ne a kashe. Awa biyar bayan an zare makulli wani ɗan famfo yake tashi a ƙarƙashin motar, muddin ruwan injin ya sauka ƙasa da digiri 35. In bai sauka ba sai ta ƙara jiran awa biyu, in har yanzu da zafi ta ƙara biyu da rabi. Saboda haka a lokacin zafi a ajiye ta a inuwa, a bar ta ta kwana da batir ɗinta a jiki. Ƙarar da ake ji daga wajen tanki cikin dare ita ce wannan, ba lalacewa ba ce.

Hanya kuwa kwalta ake so mai santsi, miƙaƙƙiya, wadda za a yi minti 10 ba a taka burki ba. Hanyar burji tana girgiza man tanki, kwamfuta ta fasa gwajin. Tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin Wudil da Shuwarin, tana da wurare masu kyau, amma ba ranar Juma'a ba da kasuwar Wudil ke ci. Haka hanyar Gumel ranar Alhamis, motocin shanun Maigatari sun cika ta. Iyakar gudu ta hukumar kiyaye haɗura, FRSC, ga ƙananan motocin gida kilomita 100 ce a awa a tagwayen hanya, 80 a hanya mai falle ɗaya, don haka a falle ɗaya a tsaya a 80. A tafi mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon sikana. A kuma lura motar Amurka manyan lambobin agogonta mil ne: 55 a wurin shi ne kilomita 88, 20 kuma kilomita 32.

Tuƙin kansa

A tada injin kai tsaye. Kar a bar makulli a kunne ana sauraron rediyo kafin a tada, domin hitar sansa za ta ɗumama, gwajinta ya wuce ka. Ba a taɓa totur. A bar ta a silo minti biyu da rabi, esi a kunne, da hitar gilashin baya in akwai. Wannan nauyin wuta shi ke ba kwamfuta damar gwada hitar sansa da famfon iska.

A kashe esi da sauran kayan wuta, a fita. Da an hau kwalta a taka totur rabi, a hankali ba fizga ba, har kilomita 88. A riƙe wannan gudu minti uku, ƙafa a tsaye cak. A nan ake gwada saurin amsawar sansa.

Sai a ɗage ƙafa gaba ɗaya a bar motar ta sauko da kanta zuwa kilomita 32, ba burki, ba kuloci, ba canjin giya. Direbobi da yawa a nan suke ɓata aikin, don sun saba sakin giya firi a gangara. Dole motar ta kasance cikin giya, saboda a wannan hali ne kwamfuta ke yanke mai, ta ga yadda sansar baya ke faɗuwa, a wasu motocin kuma ta buɗe bawul ɗin EGR ta auna. A duba madubi kafin a fara, kar tirela na biye. In akuya ko mai babur ya gitta a taka burki, a sake matakin daga baya, ba a rasa komai ba.

A sake taka totur, wannan karon kashi uku cikin huɗu, zuwa kilomita 88 ko 96. A riƙe minti biyar cur. Wannan na indomi ne, kuma shi ya fi son natsuwar ƙafa. Daga nan a sake ɗage ƙafa a sauko kamar ɗazu. A shiga gari a yi kamar minti 10 ana tsayawa ana tashi, sannan a faka a duba sikana kafin a kashe injin.

Honda tana da ɗan bambanci a littafinta: tanki wajen kashi uku cikin huɗu, silo daƙiƙa 20, a ɗaga injin zuwa juyi 2,000 a tsaye na kamar minti uku, sannan aƙalla minti 20 a titi tsakanin kilomita 80 da 97, a samu daƙiƙa 90 a ciki da ƙafa ba ta motsa ba. Wanda ke da littafin motarsa ya bi nasa.

Idan wani ya ƙi shiryawa

Ba kasafai fita ɗaya ke gama su duka ba. Monitocin a jere suke: sai hita ta wuce sansa take gudana, sai sansa ta wuce indomi yake gudana. Don haka in CAT da O2S duk suna INC, O2S za a bi. GM ta ce indomin da ya fara gajiya, ko motar da aka cire wa batir, kan ɗauki zagaye har biyar. Kowane zagaye da sanyin safiya ake faro shi, maimaitawa sau uku a rana ɗaya da injin mai zafi ba ya maye gurbinsa. EVAP ne yakan zo ƙarshe, wani lokaci bayan kwana uku ko huɗu na harkar yau da kullum.

In an yi safiya biyar ba canji, a daina ƙona mai a koma sikana. A duba Pending. A duba zafin ruwa ana cikin gudu, in ya sauka ƙasa da 75 tamostat ne. A duba sansar zafin iska da asuba kafin a tada, lambarta da ta ruwan injin su yi kusa da juna. In ɗaya ta ce 24 ɗaya ta ce 45, ɗayansu ƙarya take yi, kuma kwamfuta ba za ta taɓa yarda motar ta kwana ba. A duba salansa ko tana huci kusa da sansa, domin ƙaramin rami a walda yana jawo iska ya rikita lissafi. In kilomitan da aka yi tun gogewa suna komawa sifili da kansu, kwamfutar na rasa wutarta ta dindindin, a sa mai rewaya ya bi fiyus ɗinta da wayar as. Birenbos da aka ɗauko daga wata motar da lambarsa ba ta dace ba shi ma yakan hana wasu monitocin gudana.

Ranar gwaji a sake dubawa da sikana tun a gida. Kar a bari kowa ya taɓa batir, ko mai wankin injin, ko mai walda. A yi tafiyar minti 15 zuwa 20 kafin a isa, don indomi ba ya tace hayaƙi sai ya yi zafi, kuma in layi ya yi tsawo a bar injin a silo na 'yan mintoci kafin a kira lambarka.